Gobarar tankar mai: ƙaddara ce ko mu muke kai kanmu?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai na ce bari in sauke ta a nan ko malamanmu za su warware min. Duk sanda tankar mai ta faɗi mutane suka je kwasa wuta ta tashi, abin da za ka fara ji shi ne ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Majiya a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, daren 15 ga Oktoba 2024, sama da mutum 150 suka tafi, mafi yawansu matasa. Wata uku kacal bayan nan, 18 ga Janairu 2025, mahaɗar Dikko a jihar Neja, sama da 80. Kuma fa labarin Majiya babu inda bai je ba, bidiyon ya zaga wayoyi. To tambayata, in mutum ya san fetur ne, ya ji abin da ya faru da wasu, ya ɗauki bokiti da ƙafarsa ya tafi, shin sai mu ce ƙaddara ce mu rufe baki? In haka ne ke nan babu wanda za a tambaya, ba direba, ba mai mota, ba gwamnati? Ina zaɓin mutum ya tsaya? Wlh ba don in taɓa mamata na faɗa ba, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta.

Maman Hanifa:
Wa'alaikumus salam. Amin ya Allah. Baban Sadiq ni dai wannan maganar tana ba ni tsoro, don mun taso ana ce mana kar a zurfafa a zancen ƙaddara. Imani da ita rukuni ne, mai daɗi da marar daɗi. Wanda Allah ya rubuta zai mutu a wutar nan ko a ɗaki ka kulle shi sai ya fita, in ajali ya yi kira ko babu ciwo sai an je.

Baban Sadiq:
Hajiya ban musa miki ba ko kaɗan. Amma ke da kanki in kika ga Hanifa ta nufi murhu ai da gudu za ki riƙo ta, ba za ki zauna ki ce abin da aka rubuta shi zai faru ba.

Ɗan Ringim:
Ku yi haƙuri zan yi magana da zafi kaɗan. Ni na san gidajen da aka fitar da gawa uku, huɗu a daren Majiya. Na je gaisuwa wani gida, tsohon yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida da carbi a hannunsa, mutane na shigowa layi layi, ba ya cewa komai sai Allah ne ya ba ni kuma shi ya karɓa. Wannan kalmar ita kaɗai ta riƙe shi bai zauce ba. Yanzu mu da muke zaune da waya a hannu cikinmu a ƙoshe mu zo muna cewa su suka kai kansu? Kun san nawa ake sayar da lita a lokacin? Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, a watan da abin ya faru ta haura 1,000. Jarka ɗaya mai lita 25 ta fi naira dubu 25, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a shekarar dubu 70 ne, kuma yaran nan yawancinsu ba ma albashin suke ɗauka ba, ɗan acaɓa ne, ɗan ga-ruwa ne, manomi ne da ya sayar da amfaninsa tun yana gona. Mutum ya ga kuɗin buhun masara rabi yana gudu a kwata, ka ce masa ya zaɓa. Wane zaɓi?

Baban Sadiq:
Ɗan'uwa Allah ya ba ku haƙuri. Ban ce babu talauci ba. Amma a garin nan dai akwai waɗanda suka fi su talauci kuma ba su je ba, har an ruwaito jami'an tsaro sun yi ta korar mutane suna dawowa. Wanda ya tsaya a gida da me ya tsaya in ba da zaɓinsa ba?

Ɗan Ringim:
Akwai kuma waɗanda ba kwasa suka je ba, sun je janyo ƙannensu ne ko kallo ko taimako wutar ta haɗa da su. Su kuma fa?

Malam Na-Zaure:
Assalamu alaikum. Na ga an ambaci malamai a sama, bari in ce wani abu gwargwadon abin da Allah ya hore, kuma ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Da farko Hajiya Maman Hanifa, abin da aka hana shi ne jayayya a kan ƙaddara ba da ilimi ba da neman tona asirin da Allah ya ɓoye. Amma a koyi abin da ya wajaba a ƙudurce wannan dole ne, don wannan tambayar ta Baban Sadiq ba sabuwa ba ce, tun sahabbai suna raye aka fara ta. A Basra wani mutum mai suna Ma'abad al-Juhani ya fito yana cewa babu ƙaddara, abu sai ya faru sannan Allah ke saninsa. Mutum biyu suka taso aikin hajji suka kai ƙarar maganar wurin Abdullahi ɗan Umar, shi ne ya ce ku gaya musu ba ni ba su, sannan ya karanto musu hadisin Jibrilu da ya ji daga mahaifinsa. Waɗannan su ake kira Ƙadariyya. Daga baya aka samu wasu suka tafi ɗaya gefen, mabiya Jahamu ɗan Safwan, suka ce mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, tilasta shi ake yi, su ne Jabariyya. Ahlus Sunna suka ƙi duka biyun.

Abin da muka ƙudurce, Allah ya san komai tun kafin ya faru, ya rubuta, babu abin da ke faruwa sai da nufinsa, kuma shi ya halicci bawa da aikinsa. Tare da haka bawa yana da nufi da iko na gaske wanda a kansa ake masa hisabi. Ku buɗe ƙarshen Suratut Takwir, aya ta 28 ta ce ga wanda ya so daga cikinku ya shiryu, ta 29 ta biyo ta ce ba za ku so ba sai Allah ya so. Ayoyi biyu a jere, Jabariyya suka ɗauki ta biyun suka bar ta farko, Ƙadariyya suka yi akasin haka. Kuma kowa a jikinsa yana jin bambancin, hannun da ke karkarwa saboda masassara da hannun da ka miƙa ka ɗauki bokiti ba ɗaya ba ne, malaman Ash'ariyya da wannan misalin suke bayani, suna kiran na biyun kasabi, wato abin da bawa ya tsiwirwira da kansa.

Maman Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, to in an riga an rubuta, ya za a yi mutum ya yi saɓanin abin da aka rubuta? Ni nan ne kaina ke kullewa.

Malam Na-Zaure:
Hajiya ba zai yi saɓaninsa ba, amma rubutun ba shi ke jan hannunsa ba. An rubuta ne cewa wane zai zaɓi kaza da ganin damarsa. Kuma ke ba ki san abin da aka rubuta miki ba sai bayan ya faru, to ta yaya za ki kafa hujja da takardar da ba ki karanta ba? Sahabbai sun yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan tambayar, suka ce to ba sai mu dogara da rubutunmu mu bar aiki ba? Ya ce ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙa masa abin da aka halicce shi dominsa.

Ga ƙissar da ta fi kama da maganarmu. Lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya taso daga Madina, ya kai wani wuri da ake kira Sarg sai kwamandoji suka tare shi da labarin annoba. Ya yi shawara da Muhajirai suka saɓa, ya yi da Ansar suka saɓa, ya kira dattawan Ƙuraishawa suka ce ka koma da mutane. Da ya ce za a juya sai Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce ina ma wani ne ya faɗi wannan ba kai ba, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ce in kana da raƙuma ka sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ka kai su ai da ƙaddarar Allah ka kai su. To wanda ya ji ihu ya zauna a gida a Majiya shi ma ƙaddara ya bi. Zama a gida ba fita daga ƙaddara ba ne.

Ɗan Ringim:
Malam duk na yarda da wannan. Amma ka ga inda maganar ke zuwa ko, a ƙarshe talaka za a ɗora wa laifi. A ce shi ya jefa kansa ga halaka, shikenan mai tanka ya karɓi inshorarsa, gwamnati ta zo ta yi jaje ta kafa kwamiti.

Malam Na-Zaure:
A'a ƙanina, ka jira ban ƙarasa ba, akasin haka ma nake nufi. Wanda ya fi kowa cin ribar a ce ƙaddara ce a yi shiru ai shi ne mai iko. In babu zaɓi babu wanda za a tuhuma, kuma wanda ya fi buƙatar kar a tuhume shi ba yaron da ya mutu ba ne. Tun zamanin Banu Umayya akwai masu mulkin da ke fakewa da cewa Allah ne ya ƙaddara mulkinsu da abin da suke yi. Shari'a kuwa tana auna nauyi ne da gwargwadon iko, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya, ƙarshen Baƙara. An ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da mahaukaci. Wanda aka tilasta ma an yi masa rangwame.

Ka ji abin da Umar ya yi. Bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka suka ci. Aka kawo su, har ya ba da umarnin a yanke hannu, sai ya tsaya ya ce wa ubangidansu ina ganin yunwa kake bar su da ita. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta ya ce dirhami 400 ma ba zan sayar ba, Umar ya ce a biya shi 800, kuma daga aljihun ubangidan. Bai ce satar ta zama halal ba, bai ce ƙaddara ce a tashi ba, ya bi sawun laifin har inda ya faro. Wannan yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu.

Baba Direba:
Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, tanka nake ja, gashin kaina a kan hanya ya yi fari. Bari in gaya muku abin da ba a faɗa a rediyo. Mota ba ta faɗuwa rana ɗaya, tun a gareji take fara faɗuwa. Za ka ce wa mai mota taya biyu na baya sun cinye har waya ta fito, birki yana shan iska, sai ya ce ka lallaɓa ka kai wannan lodin in ka dawo a gyara. In ka ce ba za ka ba, akwai yara goma a bakin defo suna jiran makullin, wasu jiya jiya suke yaran mota. Ga kuɗin hanya da ake ba ka ba ya isa, sai ka yi tafiyar dare don ka rage tsayawa, barci ya zo wani ya sha abin da zai hana shi barci, daga nan ido a buɗe amma kai ba ya aiki. Ga hanya, rami ne da in ka kauce masa da kaya a bayanka man ke tunkuɗo ka, don ruwa ba kamar buhu ba ne, in ka karya sitiyari shi ma sai ya taru gefe ɗaya ya ɗaga maka ƙafa.

Ni akwai ranar da na ajiye makulli a kan tebur na ce wannan motar ba zan hau da ita titi ba, na yi wata da watanni ba aiki, matata ce ke riƙe da gidan da ƙosai. Ba ina yabon kaina ba ne, ina so in ce zaɓin yana nan, amma tsadarsa ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai mota in ya zaɓi gyara ribar tafiya ɗaya ya rasa, ni in na zaɓa abincin yarana na rasa. Kamar akuya ce a turke, kowacce tana kiwo iya tsawon igiyarta, ta wani kamu biyu ce ta wani ta kai bakin rafi. In aka yi ɓarna a gona mai nisa kar a zo a kama mai gajeriyar igiya.

Ɗan Ringim:
Allah ya saka da alheri Baba. Wannan ita ce maganar.

Baban Sadiq:
Baba na ji kuma ta shige ni. Amma ka lura kai da kanka ka ajiye makullin. Ke nan ko igiyar gajeriya ce akwai inda mutum zai iya cewa a'a. Abin da nake tsoro shi ne in muka ce talaka ba shi da zaɓi kwata kwata to mun raina shi, mun mai da shi kamar ba mutum ba, kuma gobe in wata ta faɗi yaranmu za su sake fita don mun riga mun gaya musu ba laifinsu ba ne.

Ɗan Yamai:
Sannunku ’yan'uwa na Najeriya. Mu ma nan mun ga irinta, watan Mayu 2019 daf da fara azumi, tanka ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai da dare, mutane suka fito da bidoni da bokiti, sama da 50 suka rasu nan take, wasu suka cika a asibiti daga baya. Kuma lokacin ba a cire wani tallafi ba a wurinmu. A Najeriya ma ai kun yi ta Jesse a jihar Delta a 1998, bututu ne ya fashe, wajen mutum dubu, lokacin fetur yana arha. Don haka ni ina ganin ba tsada kaɗai ba ce. Akwai wani abu da ke kama mutum in ya ga taro na gudu wuri ɗaya, kowa na cewa ai wane ma ya cika jarka ya fita lafiya. Na goma ya ga tara sun tsira, bai san shi ne zai zo daidai da tartsatsin ba.

Ɗalibar Likitanci:
Salam. Ina bin muhawarar tun ɗazu, bari in kawo wani ɓangare. Su ma masana kimiyyar ƙwaƙwalwa suna wannan rigimar ba tare da sun ambaci ƙaddara ba. A 1983 wani masani a Amurka, Benjamin Libet, ya sa wa mutane wayoyin auna aikin ƙwaƙwalwa a kai, ya ce su motsa hannu duk sanda suka ga dama suna kallon wani agogo mai gudu, su faɗi daidai lokacin da suka ji niyyar ta zo. Sai aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri wajen rabin daƙiƙa kafin motsin, shi kuwa mutum bai ji ya yi niyya ba sai saura kamar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Wasu suka ɗauki wannan suka ce shikenan babu zaɓi, ƙwaƙwalwa ce ke yankewa kai kuma ka zo daga baya ka ce ni na yi. Amma shi Libet ɗin da kansa ya ce a ɗan wannan tsakanin mutum na iya fasawa. Kuma motsa yatsa ba dalili daban, yanke shawarar fita da jarka ko sayen sabuwar taya daban.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun waɗanda suke mutuwa. Gaban ƙwaƙwalwa, inda ake auna haɗari a taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Yaro ɗan 15 cikin abokansa da dare ana ihu ana gudu, ba zai auna abu kamar yadda dattijo zai auna ba. To wa ya kamata ya riga ya gaya masa tun da rana tsaka, hankali kwance, cewa ba man ne ke fara kamawa ba tururinsa ne? Mu ne, iyaye da yayye da malamai.

Malam Na-Zaure:
Madalla da wannan ’yata. Shi ya sa na ce nauyi hawa hawa ne. A fiƙihu ana bambanta wanda ya yi abu da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma sanadi ma yana biya. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba wani ya faɗa ya mutu, ana bin sa. Kisan kuskure ma, wanda kowa ya san ba da niyya ba ne, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta sa diyya da kaffara, in babu wuyan da za a ’yanta azumin wata biyu a jere. Da cewa ƙaddara ce tana wanke mutum ai da wanda ya yi kuskure ne zai fara wankuwa. Amma mu yanzu direba zai take mutum da motar da ya san ba birki, dangi su taru a ce a yafe ƙaddara ce, wanda ya ce a bi haƙƙin marayu a ce ba shi da tawakkali. Yafiya alheri ce in masu haƙƙi suka yi da son ransu, amma ba a yafe rabon maraya a madadinsa don kunyar jama'a.

Maman Hanifa:
To Malam tsohon da Ɗan Ringim ya ba da labari, da yake cewa Allah ya ba ni ya karɓa, kuskure ya yi ke nan?

Malam Na-Zaure:
Subhanallah, a'a Hajiya, shi ne ma ya sa kalmar a muhallinta. Malamai suna cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafawa a kan laifi. Uba da ya rasa ’ya'ya musiba ce ta same shi, abin ya wuce ba ya dawowa, maganinsa ya ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata. Amma hadisin da ya koya mana wannan lafazin ku duba da me ya fara, ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya, sannan in wani abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza. Ƙoƙari a gaba, sallamawa a baya. In mai motar da ya ƙi sayen taya ya ari maganar tsohon nan ya sa a bakinsa, lafazi ɗaya ne amma shi ƙarya yake yi wa Allah, irin ta mushirikan da Suratul An'am aya ta 148 ta ba da labari, da suka ce da Allah ya so da ba mu yi shirka ba.

Su kuma mamatan, ba mu da hurumin yanke musu hukunci. Ba kashe kansu suka je yi ba, hadisi ya ambaci wanda gobara ta ci cikin masu samun ladan shahada, muna yi musu fatan haka. Amma ga rayayyu dole a faɗa ƙarara, man da ya zube dukiyar wani ce, ba ganima ba ce, kuma zuwa wurin jefa kai ne ga halaka.

Ɗan Ringim:
Na ji Malam, amma ni har yanzu a raina kason yaran nan a laifin bai kai ɗaya cikin goma ba. Kuma abin da ke ƙona min rai shi ne su sun biya nasu da rayukansu a daren, sauran fa? Bayan Dikko aka ce an hana tanka mai ɗaukar lita dubu 60 hawa titi daga 1 ga Maris 2025. Ke nan an san girman kayan matsala ne, an san akwai abin da za a iya yi, sai da aka binne ɗaruruwa aka yi. Wanda ke da ikon sa wannan dokar tun kafin Majiya bai sa ba, shi wa zai tambaye shi?

Baban Sadiq:
A nan kam muna tare ɗari bisa ɗari. Inda muka rabu kawai, ni ina ganin ko kason nasu ɗaya cikin goma ne, wannan ɗayan shi ne a hannunmu yau, shi za mu iya gyarawa a gidajenmu kafin gwamnati ta gyara hanya.

Ɗan Ringim:
Ni kuma ina tsoron in muka cika magana a kan ɗayan za a manta da taran. Haka ake mana kullum.

Maman Hanifa:
Ni dai ina da samari biyu a gida kuma gidanmu ba nisa da babban titi. Baba Direba don Allah in irin haka ta faru kusa da mu me zan ce musu su yi, banda kar su je?

Baba Direba:
Hajiya ki gaya musu fetur ba sai wuta ta taɓa ruwansa ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana kwanciya a kwata da rami yana tafiya nesa da inda motar take, in kana jin warinsa da ƙarfi to kana cikinsa. Abin da ke tayar da shi ba ya da yawa, bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, a tayar da babur, a kunna janareta kamar yadda aka ce ya faru a Dikko wajen juye man zuwa wata motar, ko wani ya zo da sigari daga nesa bai ma san me ake ba. Su yi nesa sosai, su bi ɓangaren da iska ke fitowa ba inda take zuwa ba, in akwai tudu su hau kar su bi gangare. Wanda ke kan babur kusa da wurin ya kashe ya tura da hannu. A kashe murhu da risho a gidajen kusa, masu shayi da masu tsire na bakin titi a fara gaya musu kafin kowa. In man ya zuba a kayan mutum ya cire su ya yi wanka kafin ya matso kusa da wuta ko da ya koma gida. Kuma in ƙaninsu ya riga ya shiga, su kira shi daga nesa ko su sa manya su kira, kar su bi shi ciki. In kun ga direban da yaron motarsa sun bar motar suna gudu, to ku wuce su da gudu, su suka san abin da ke cikinta.